Yadda ake sake rera waƙar wani ta fito da ƙarfi: jagora ga mawaƙa da makaɗan Legas

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma da wannan maganar duk mai ɗauko waƙar wani yake kokawa. Mai sauraro ya riga ya haddace ta asalin, ya san inda mai ita yake jan numfashi, ya san inda kalangu yake shigowa. In ka bi sawunta sak, auna ka zai riƙa yi da mai ita tun daga farko har ƙarshe, kuma kai ne za ka sha ƙasa. Waƙar aro ba ta ƙarfi sai an zaɓi abu ɗaya babba an sauya shi da gangan, sauran kuma an riƙe su da amana. Bayanin da ke tafe na ƙungiya ce ta mutum biyar zuwa takwas, irin wadda ake haɗawa a Agege, Idi-Araba, Obalende ko Mile 12, inda mai kalangu daga Arewa kan zauna kusa da mai jitar bes da ya koyi kiɗa a coci.

Izini tukuna

A kowace waƙa haƙƙi biyu ne. Akwai na wanda ya tsara kalmomi da karin, akwai kuma na wanda ya mallaki faifan da aka naɗa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare na farkon har shekara 70 bayan rasuwar mai waƙar, na biyun kuma shekara 50 daga fitowar faifan. Mamman Shata ya rasu a 1999, don haka waƙoƙinsa suna hannun magada har ƙarshen 2069. Tsufar waƙa ba ya mayar da ita ta kowa da kowa. Ko waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba, dokar ta ɗora wa Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, kula da su idan za a yi kasuwanci da su.

In ku kuka kaɗa komai da hannunku, izinin mai kalmomi da kari kawai kuke nema. In kuwa kuka yanko ko da daƙiƙa biyar daga tsohon faifan kuka liƙa a naku, kun shiga haƙƙi na biyu. Fassara waƙar Yarbanci ko ta Turanci zuwa Hausa, ko sauya mata baitoci, shi ma sai da yardar mai ita, domin ya wuce maimaitawa. Ku nemi mai waƙar ko magadansa kai tsaye, ko ku bi ta MCSN, ƙungiyar da ke karɓar wa masu waƙoƙi kuɗin haƙƙinsu a nan Legas, idan waƙar tana cikin waɗanda take wakilta. Yardar baki ba ta isa ba. A rubuta sunan waƙar, inda za a sake ta, kason mai ita, a sa hannu.

Zaɓen waƙa da abin da za a sauya

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Mawaƙi ya rera waƙar ba kiɗa, ba tafi, daga farko zuwa amshi na biyu. In ta tsaya da ƙafarta, ta cancanci aiki. In sai da kiɗan kwamfuta take da armashi, a bar ta, don kiɗan ne mutane suke so, kuma shi ne abin da ba za ku ɗauko ba.

Daga nan a zauna a yanke abu ɗayan da za a sauya. Ko dai saurin kiɗa, a ɗauki waƙar rawa a sassauta ta har kalmominta su fito fili. Ko kayan kiɗa, a cire fiyano a sa gurmi da kalangu, ko a ɗora waƙar kuntigi a kan bes da gangunan Turawa. Ko kuma muryar, mace ta rera abin da namiji ya rera, ma'anar baitin ta juya da kanta. Ɗaya ya isa. Masu sauya uku a lokaci guda kan wayi gari da waƙar da ba wanda ya gane ta, kuma daɗin waƙar aro yana cikin wannan ɗan lokacin da mai sauraro zai ce, a'a, ai wance waƙa ce. Amshi kuwa ba a taɓa karinsa. Shi ne shaidar waƙar.

Tsofaffin waƙoƙin baka kan kai minti goma sha biyar ko ashirin. Ku tsamo baiti uku ko huɗu da suke tafiya a kan zance ɗaya, ku tsaya a minti uku da rabi zuwa huɗu da rabi. A nan sai an yi hattara da abu biyu. Baitin da aka yi wa wani zambo ko habaici, mutumin ko 'ya'yansa suna iya kasancewa da rai, a tsallake shi. Sannan kada a cire sunan wanda aka yi wa waƙar a cusa sunan sabon maigida don neman liƙi. Magada ba sa yafe wannan, masu sauraron da suka san waƙar ma haka.

Karin harshe, inda aka fi faɗuwa

Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma tsayin wasali yana raba ma'ana. Kukan yaro da itacen kuka rubutunsu ɗaya, muryar da ta sauka a gaɓar ƙarshe ce ta raba su. Garin da ake zama da garin tuwo kuwa tsayin wasalin farko ne. Mawaƙan da suka gina waƙoƙin da muke aro sun ɗora karin waƙa a kan karin magana, shi ya sa ko tsohuwa a ƙauye take jin kowace kalma. Da zarar ka sassauta kiɗa ko ka sauya masa zubi, wasu gajerun wasula za su miƙe, wasu gaɓoɓin da ya kamata su sauka za su hau.

Maganin shi ne a rubuta baitocin a takarda, a karanta su da muryar magana, a naɗa a waya. Sai a rera su a kan sabon kiɗan, a naɗa. A saurari biyun ɗango bayan ɗango, a ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ta canza kama. Inda ake son jan murya, a ja a kan dogon wasali ko a gaɓar ƙarshe ta ɗango. Inda kari ya ci karo da kalma, kari ne zai ja da baya. In waƙar fassarowa aka yi daga wani harshe, aikin ya ninka, don karin an yi shi ne domin wasu kalmomi. Kada a bi fassarar kalma da kalma. A ƙirga gaɓoɓin kowane layi, a lura da inda kari yake hawa, a nemi kalmomin Hausa da suke hawa a wurin.

A Legas sau da yawa 'yan amshin da za ka samu masu ƙwararriyar murya ba Hausawa ba ne. Suna da kunne, suna kama waƙa da sauri, amma ƙ, ɗ, ɓ da ts sukan ba su wuya, sai ƙafa ta koma kafa. A tura musu amshin ta WhatsApp kwana uku kafin atisaye, an karanta shi a hankali, an kuma rera shi. A sa Bahaushe ɗaya aƙalla a tsakiyarsu, kusa da makirufo. Wani abin kuma, sun saba da raba murya uku irin ta mawaƙan coci. Amshin Hausa baki ɗaya ake yin sa, maza a ƙasa mata a sama a kan kari guda. Raba murya daga farko zuwa ƙarshe yana laushe shi, yana kuma dagula karin kalmomi. A ajiye rabon murya sai amshin ƙarshe, shi ma a kan kalmar rufewa.

Matakin murya da saurin kiɗa

Kada a ɗauki matakin da mai waƙar ya yi amfani da shi don kawai shi ne na asali. A nemo wurin da waƙar ta fi hawa, mawaƙi ya rera shi da cikakkiyar murya sau uku a jere, mai kibod yana ɗaga rabin mataki, wato maɓalli ɗaya na gaba, kowane zagaye, har muryar ta fara shaƙewa. Daga nan a sauko rabin mataki sau biyu. A nan ne murya take da zafi ba tare da ta tsage ba. Idan mace za ta rera waƙar namiji, ko namiji ta mace, tazarar kan kai rabin mataki huɗu ko biyar. A yi gwajin a irin lokacin da za a naɗa, don muryar safe ba ta yamma ba ce.

Yawancin karin Hausa a kan sauti biyar yake tafiya. In kuna kan A ƙarama, su ne A, C, D, E da G. A gaya wa mai kibod da mai jita wannan tun farko, don hannunsu ya saba da sauti bakwai, kuma B ko F da suka shigo ƙarƙashin muryar mawaƙi nan take suke ba waƙar ɗanɗanon da ba nata ba. Kod, wato sautukan da ake bugawa tare, biyu ko uku sun isa. Goge da muryar Bahaushe sukan zame tsakanin sauti da sauti, kuma wannan zamewar ita ce gishirin. Auto-Tune, manhajar da ke daidaita murya, in aka ɗaure shi da ƙarfi yana goge ta. In dole sai an sa, a saita shi a kan sauti biyar ɗin nan, a rage masa saurin kamu.

Sai rikicin uku da huɗu. Kiɗan kalangu da yawa bugunsa kashi uku yake rabuwa, abin da masu karatun kiɗa suke rubutawa 6/8 ko 12/8. Kiɗan zamanin Legas kuwa 4/4 ne, bugu wajen 100 zuwa 110 a minti. In mai ganguna yana raba bugu huɗu, mai kalangu yana raba shi uku, ba wanda ya yi kuskure amma kiɗan zai riƙa ɗingishi. A yanke tun ranar farko wanda zai ja gaba. In kalangu ne, mai ganguna ya taƙaita ga bugun ƙafa a kan kowane taki da sekere ko farantin ƙarfe na gangunan Turawa mai bin kashi uku. Makaɗan Yarbawa masu gangar da suke kira gangan sun san wannan zubin sarai, don gangarsu da kalangu 'yan gida ɗaya ne, sai dai kada a bar su biyun suna magana lokaci guda. Ɗaya ya riƙe gindi, ɗaya ya yi kirari.

Ginin waƙar

Ƙarfin waƙa daga bambancin sama da ƙasa yake zuwa. Waƙar da ta fara da kowa da kowa ba ta da inda za ta hau. Zubin da ya fi aiki shi ne a buɗe da murya da abin kiɗa ɗaya, gurmi ko kibod, na daƙiƙa 20 zuwa 30. Kalangu ya shigo a amshin farko, a hankali. Bes ya jira baiti na biyu, domin shigowarsa a makare ita ce take sa ƙirjin mai sauraro ya motsa. Bayan amshi na biyu a ba goge ko jita taki takwas, ba goma sha shida ba. Kafin amshin ƙarshe kowa ya ɗauke hannu, a bar murya ita kaɗai na ɗango ɗaya ko biyu, sannan a faɗo gaba ɗaya. A rubuta wannan a babbar takarda a manna a bango inda kowa zai gani.

Goge da muryar mace wuri ɗaya suke zama a kunne, haka kalangu da muryar namiji. Ba injin haɗa sauti ne zai raba su ba. Mai goge ya yi shiru yayin da ake rera ɗango, ya amsa a giɓin da ke tsakani.

Atisaye a gari irin Legas

Zama uku ya wadatar, kowanne awa biyu zuwa uku. Na farko murya da kibod da kalangu kawai, na biyu kowa, na uku a yi waƙar daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, a naɗa a waya, a saurara tare. Asabar ranar biki ce, Lahadi ranar coci, don haka mai bes da mai ganguna ba sa samuwa. Juma'a kuma rabin yini ne. Talata zuwa Alhamis, daga hantsi zuwa La'asar, ya fi, kowa ya koma gida kafin cunkoson yamma. A zaɓi wurin da ba sai rabin ƙungiya sun tsallaka gada ba. In a cikin unguwa ne, a kiyaye maƙwabta da lokutan salla, don LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, tana rufe wurare saboda ƙara.

Danshin Legas abokin gabar fata ne. Kalangun da yake ƙara tsaf a Kano, in ya kwana biyu a nan cikin damina, musamman Yuni da Yuli, sai ya saki ya koma dum-dum. A shanya shi a rana minti goma zuwa sha biyar kafin a fara, ko a gasa shi nesa da garwashi ana juyawa ana ɗanɗana shi da yatsa. Na'urar busar da gashi ma tana yi, daga nisan kamu ɗaya da rabi, amma kada a tsayar da ita wuri guda, fatar za ta ƙone ta tsage. Haka fatar gurmi da ta goge. Izgar goge tana shan danshi ta daina kamawa, a riƙe ƙaro a aljihu. Ɗaki mai na'urar sanyi kuma akasin haka yake yi, yana busar da fata sauti ya hau. A shigar da kayan minti 30 zuwa 45 kafin naɗi su saba da ɗakin, sannan a ɗaure su daidai da kibod, a sake dubawa bayan kowane zagaye biyu.

Ranar naɗi

A naɗa kowa tare a ɗaki ɗaya. Kallon-kallon da ke tsakanin mawaƙi da mai kalangu shi ne ran waƙar, kuma ba a samun sa in an naɗi kowa shi kaɗai. Ga ɗakin da ba a gyara shi don sauti ba, makirufo irin Shure SM58 ya fi wa mawaƙi alheri a kan mai tsananin ji, wanda zai kwaso janareton maƙwabta da hon ɗin danfo. A kasuwar Alaba ana samun na gaske ana samun jabu, a gwada kafin a biya. Bakin mawaƙi ya tsaya yatsa uku zuwa huɗu daga makirufo, ya ja baya kaɗan in zai ɗaga murya. Na kalangu a ajiye shi santimita 20 zuwa 30 daga fatar da ake bugawa, a ɗan karkace, a kuma yi wa makaɗin alama a ƙasa, don mai kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya. 'Yan amshi uku ko huɗu su kewaye makirufo ɗaya, mai ƙaramar murya a gaba. Mawaƙi ya fuskanci masu ganguna, domin bayan makirufonsa ne ba ya ji. Bes da kibod su shiga ta waya kai tsaye, ta akwatin DI, ƙaramin akwatin da ke haɗa abin kiɗa da na'urar naɗi. Katifa biyu a jingine da bango da darduma a ƙasa suna rage amsa-kuwwar ɗaki.

A saita kwamfuta a 48 kHz, 24 bit. A gwaji, mawaƙi ya rera wurin da ya fi ƙarfi, a daidaita allurar awon sauti ta tsaya wajen -12 dB, don in waƙa ta ɗau zafi sai ya fi haka, kuma sautin da ya bugi 0 ya fashe, ba ya gyaruwa. In mawaƙi yana jin muryarsa a makare cikin abin kunne, a rage bafa, wato saitin da ke jawo wannan jinkiri a manhajar naɗi, zuwa 128.

Gurnanin nan mai zurfi da ke shiga naɗi na wutar lantarki ne, 50 Hz. Don gano tushensa, a cire cajar kwamfuta. In ya ɗauke, daga layin wuta yake. A haɗa duk kayan sauti a soket ɗaya, a raba su da layin firiji da na'urar sanyi, a yi amfani da wayoyin XLR, irin na makirufo masu ƙafa uku, a danna maɓallin yanke ƙasa na akwatin DI. Kada a karya ƙafar filogi ta uku, wuta tana iya jan mawaƙi ta makirufo. Naɗi a kan inbata ya fi na janareto tsabta, kuma in NEPA ta ɗauke ba a rasa zagayen da ake ciki ba. Wayoyin hannu a kashe su.

Ƙararrawar taki, wadda ke ƙyasta bugu a kunne don riƙe saurin kiɗa, ba dole ba ce. In za a ƙara kiɗan kwamfuta daga baya, a sa ta a kunnen mai ganguna shi kaɗai. In ba haka ba, a bar kalangu ya ja, kuma in kiɗan ya ƙara bugu uku ko huɗu wajen amshin ƙarshe, wannan ba aibi ba ne. A yi zagaye uku zuwa biyar cikakku. Bayan haka murya gajiya take yi. A zaɓi wanda ya fi tsuma jiki ko da yana da ɗan tuntuɓe, sannan 'yan amshi su ƙara shimfiɗa ɗaya a kan tasu don ta cika.

Wajen haɗawa, a yanke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz daga komai ban da bes da gangar ƙafa. Amon ɗaki a kan murya kada ya wuce daƙiƙa ɗaya da rabi, in ya wuce yana cinye baƙaƙen Hausa. A nufi ƙarfi wajen -14 LUFS, ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗayanta, domin YouTube da Spotify rage duk abin da ya fi haka suke yi, kuma matse waƙa don ta yi ƙara yana kashe hawa da saukar da kuka sha wahalar ginawa. A gwada ta a lasifikar waya da ƙaramar sifikar mai shayi, don a nan mafi yawan mutane za su ji ta. In bes ya ɓace a waya, mai haɗawa ya ɗan ƙara masa kaifi a tsakiya.

In da bidiyo, a ɗauka a hoto 25 a daƙiƙa, shata 1/50, in ba haka ba fitilun ɗaki za su riƙa walƙiya. Mutum ɗaya ya tafa hannu a gaban kyamara kafin a fara, don a daidaita hoto da sauti.

Kuɗi da suna

Kafin a taɓa ganga a san wanda ake biya kuɗin zama ya tafi da wanda yake da kaso, a rubuta, har da yadda za a raba liƙi in an fita wasa da waƙar. A ƙarƙashin bidiyon, sunan mai waƙar ne a layin farko, sannan kowane makaɗi da abin da ya kaɗa, har 'yan amshi. YouTube na iya gane karin ya miƙa kuɗin talla ga mai haƙƙi. Kada a ƙalubalanci wannan sai in takardar izininku ta ba ku kaso, a lokacin sai a tura kwafinta. Fayilolin naɗin, kowane makirufo daban, a ajiye su a wuri biyu, domin in aka nemi waƙar a fim ko talla su za a fara tambaya, kuma wannan amfanin sabon izini yake buƙata daga mai waƙar.